Gudumar Babanta

A tashar mota, budurwar ta lura tsohon da ke gefenta yana ta kallon gudumar da ta leƙo daga jakarta.

"'Yata, wa ya jiƙa ƙotar nan a ruwa?"

"Ni ce, Baba. Kan ne ke rawa, gobe kuma za a gwada ni aikin kafinta."

"Tana bushewa kan zai tashi, sai goshin mai gwajin!"

"Ta marigayi babana ce, ba zan canza ta ba."

Tsohon ya feƙe ɗan itace da wuƙa, ya kafa shi a tsagar saman ƙotar, ya buga da dutse.

"Mai ake shafa mata, ba ruwa ba. Girgiza mu gani."

Ta girgiza da ƙarfi. Kan bai motsa ba.

"Guduma ta daina rawa," in ji shi. "Saura hannunki. Shi ma gobe zai daina."