Ruwan da Ke Jiƙa Mata Ƙafa

A bencin gareji, wani dattijo ya zauna kusa da direban da aka sauke wa injin tsohuwar motarsa ta kaya.

"Sannu, ɗana. Zafi ta yi?"

"Injin ya ƙone, Baba. Wata uku tana shanye ruwa. Na canza lagireto, na canza tiyo, na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, ko ɗigo babu."

"To ta ina yake bi?"

"Bakanike ya gano ta bututun hita ne, mai ɗumama cikin mota, ta wajen zaman fasinja. Maiɗakina ta sha cewa ƙafarta na jiƙewa. Na ce gorarta ce ke yoyo, ta bar min maganar mota."

"Ka gaya mata?"

Direban ya sunkuyar da kai. "Tun safe bakanike ya sallame ni, Baba. Na kasa komawa gida."