Gemun Dattijo

Wani marini ya zo ofishin ruwa kawo ƙara, wai famfo ya shanye masa rabin baho na rini. Da ya ga dattijon da ke gabansa a layi, gemu shuɗi shar, sai ya cusa hannuwansa cikin aljihu.

"Baba, ado ne?"

"Adon ƙaniyarka! Famfo na buɗe zan wanke fuska, ya feso min wannan. Jikokina sun sha, ko kuka suka yi sai ka ga harshe shuɗi."

"Ikon Allah. Ƙila wani bawan Allah ne ya manta tiyo cikin rini, aka ɗauke ruwa, bututu ya zuƙe. Tsautsayi ne."

"Ya rataye tiyon mana! Ruwan da unguwa ke sha? Amma wa ya ce maka rini ne? Ni na ɗauka bular wanki ce."

"Haba Baba, bula ina ta ga wannan kyau? Mai tsada ne, ba ya zuba. Sai dai aski."

Dattijo ya dube shi sama da ƙasa, idonsa ya tsaya kan aljihun. Ya miƙa hannu.

"Yaro, ai ba mu gaisa ba."