Matsar Bargo

A rumfar bakanike, wani matashi mai tseren babur a daji yana ta matsa ƙwallon roba, dattijo mai jiran faci yana kallonsa.

"Samari, me ƙwallon nan ya yi maka?"

"Atisaye ne, Baba. Asabar muna da tsere, ni kuwa minti goma cikin gargada yatsuna sun mutu, ko birki ba na iya ja."

"Shaƙe kan babur kake yi. Matse tanki da gwiwa, ka sassauta hannu. Shekara ashirin ina hawan duwatsu da babur, ban taɓa sayen ƙwallo ba."

"To da me ka ƙarfafa hannu?"

"Da wanki. Matata ta wanke bargo, ni in matse har ya daina ɗiga. Abokai na dariya, wai mijin tace. Na ce musu atisaye nake."

"Ashe dabara ce!"

"Ina fa! Wuyan hannunta ke ciwo, ba ta faɗa. Ƙarfin daga baya na lura da shi."

"Har yanzu kana matse mata?"

Dattijon ya dubi tafin hannunsa.

"Bara ta rasu, ɗana. Ni ke wankewa yanzu, ni ke matsewa. Kuma duk yadda na murɗa, sai ya ɗiga."