Sallamar Malam Halliru da Ba a Amsa Ba

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Kamarad delege, wakilin hukuma na unguwar Zongo, shugaban wannan taro. Malam Liman da malamanmu. Iyayenmu fataken shanu. Iyayenmu mata da suka rufe rumfunansu a kasuwar Dantokpa suka taho. Kamarad ɗalibai 'yan uwana. Jama'ar Zongo manya da ƙanana, ina gaishe ku gaisuwar girma. Sunana Tidjani, ni ne shugaban ajinmu na masu koyon aikin bidiyo. Muna godiya ga delege da ya ba mu wannan fili, muna godiya ga Alhaji Dramane da ya ara mana talabijin ɗin ɗakinsa, ga shi can bai ɗauke ido daga kanta ba.

Magana ta farko, abin da za ku gani. Aikin 'yarku Karimatou ne, 'yar ajinmu. Malaminmu ya kafa mana doka: ka dasa kamara wuri guda, ka kame bakinka, ko tari kada ya shiga kaset. Karimatou ta dasa tata a bakin karar shanu da hantsi. Shanu na wucewa, dillalai na ciniki, sai ga Malam Halliru Maishanu, wanda duk kuka sani, ya taho da sandarsa. Ya tsaya gabanta ya yi sallama, ta bi doka ta yi shiru. Ya sake, shiru. Ya yi ta uku, ya dakata, sannan ya juya ya tafi, kamar yadda aka koya wa kowannenmu yi a ƙofar gidan da ba a amsa ba. Kafin ta je ba shi haƙuri ya riga ya tafi arewa sayen shanu, a can ajali ya same shi. Allah ya jiƙansa.

Magana ta biyu, ranar da muka zauna gyara. Al'adar ajinmu ce mai aiki ya zauna gaba, ba ya cewa uffan sai kowa ya gama faɗin ra'ayinsa. Ni na fara, kun san bakina. Na ce aikin ya yi tsawo, na ce ina juyin juya hali a cikin kallon gindin shanu? Souley, gwaninmu na na'ura, ya ce haske ne ya ɓaci, ya tashi ya mayar da kaset baya don ya nuna mana wurin.

To jama'a, sai muka ga marigayi yana dawowa da baya da baya, har ya iso, ya juyo, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya yi sallama. Rana tsaka ce, taga a buɗe, muna jin ƙarar zemijan, baburan haya, a titi, amma wallahi tsikar jikina ta tashi. Babu wanda ya amsa, mun saba a kan kallo ba a magana. Ya jira mu. Ya juya ya tafi. Souley ya sake dawo da shi.

Nan ne Ramlatu, wadda sai ta yi mako ba ka ji muryarta a aji ba, ta ce: "Souley, bar shi haka. Karimatou, ba haske ne ya ɓaci ba. Kin tsayar da dattijo a ƙofa, duk wanda ya kunna wannan kaset sai ya sake hana shi shiga."

Shawara ta yi yawa. Wasu suka ce a yanke wurin. Ni na ce Karimatou ta ɗauki muryarta tana amsawa a liƙa a kai, ina ganin na yi dabara. Da aka ba ta baki, tana hawaye, ta gode wa kowa, har da ni, sannan ta ce: "In na yanke shi, na kore shi ke nan. In na liƙa murya, na yi masa ƙarya bayan ransa. A kai shi Zongo, inda aka san shi."

Magana ta uku, kuma ita ce ta tara mu. Kaset ɗin ba namu ba ne, na makaranta ne, gobe ajin da ke bayanmu zai ɗauki nasa aikin a kai, komai ya goge. Daga yau ba mai sake ganin Malam Halliru yana tafiya, ba mai sake jin muryarsa. Karimatou ta je ta durƙusa gaban Inna Dijatu, mai ɗakinsa, bayan ta fita takaba, ta nemi izini. Inna ta yarda bisa sharaɗi guda, ga ta nan zaune a gaba.

Saboda haka ina roƙonku, iyayena, ina roƙonku, 'yan uwana: in ya yi sallamar farko ku yi shiru, wannan ta Inna Dijatu ce ita kaɗai. Ta biyu da ta uku namu ne, ku amsa da ƙarfi yadda za a ji har bakin kara. Zai juya ya tafi duk da haka, kada wannan ya tsorata ku. Amma yau zai tafi an amsa masa.

Allah ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalansa haƙuri, ya albarkaci wannan taro, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Souley, kunna.

Na gode.