Kujeru Biyu a Ƙofar Tela

Yau Laraba. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi kuma ba ya kai ni ƙarshen jimla. Ku yi mini uzuri, a zaune zan yi magana.

Shugaban hukumar gari, babban jami'in 'yan sanda, shugaban 'yan kasuwa, uwargidan marigayi da 'ya'yansa, jama'a, ina gaishe ku.

An ce in faɗi wani abu a kan Tela. Tun da aka rufe shi ban yi kuka ba. Ban san dalili ba.

Kun tuna shekarar da sata ta ishe mu a tsakiyar gari. Ana ɗauke kaya daga kan kantar shaguna, ana zagin mata a bakin titi. Muka zauna, muka yanke shawarar cire bencinan titin don zauna-gari-banza su rasa wurin zama. Har da ni a masu ɗaga hannu. Samarin suka koma jingina da bango. Mu tsofaffi ne muka rasa wurin zama.

Washegari Tela ya fito da kujeru biyu ƙofar shagonsa, ya ce mini, "Malam, zauna. Aikinka kallo da gaisuwa."

Ya kasance duk wanda ya gifta sai ya gaishe shi, ya tambayi lafiyar mahaifiyarsa. Ya kasance ba ya ihun ɓarawo. Wata rana wani saurayi ya fito daga kantin da ke kallonmu, aljihu a kumbure. Tela ya ce, "Ɗana, zo. Aljihun nan ni na ɗinka shi, kuma ba don sabulun mutane na ɗinka ba." Saurayin ya koma ya ajiye. Ga shi can a baya, shi ya jera kujerun taron nan.

Ya kasance, in ban fito ba, yakan aiko a duba ko na mutu. Yanzu babu mai aikowa.

Hajiya, 'ya'yana, na ji za a ba da hayar shagon. Hakkinku ne. Roƙona ɗaya: ku bar kujerun a ƙofa. Ɗayar ma ta isa.

Na gode da kuka saurare ni. Allah Ya jiƙan Tela, Ya ba shi wurin zama mai inuwa, Ya ba ku haƙuri. Amin.

Ƙari ga masu karanta takardar nan: bayan taro babban ɗansa ya ce zai zo gida da la'asar mu yi maganar kujerun. Na share ɗaki, na bar ƙofa a buɗe. Bai zo ba.