Tulunan Baba Umara a Hanyar Yarwa

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe wakilin Mai Fika, Allah gafarta Liman, Sarkin Tasha, Inna Gumsu matar marigayi da 'ya'yanki, da duk wanda ya zo sadakar arba'in ɗin nan, ina gaishe ku. Ni Saleh ne, leburan hanya. Karatuna bai yi nisa ba, amma shekara bakwai na yi ina kallon Baba Umara, helmanmu, wato shugaban leburori.

Jama'a, ya kasance mutumin hanya! Da ƙafarsa ya san ta. Daga Kano ta Azare ta shigo mana, ta Bauci ta zo ta Kari ta same ta, su haɗu su miƙe Damagum, Damaturu, har Yarwa. Yana nan aka sare dajin, yana nan aka zuba jar tsakuwar, yana nan babbar mota ta farko ta wuce, mutane suka watse.

Ya kasance mai bin gidajen unguwar Hausari yana roƙon tulunan da suka tsage. Mata har dariya suke masa. Sai ya binne tulu gindin kowane dashen maina, wato dogon yaro, a bakin hanya, ya cika shi da ruwa, ya kewaye da ƙaya saboda shanun kasuwa. Tulun ya yi mako yana tsatsafowa a hankali.

Direba Dabo, ga ka can, ka tuna? Ka ce, "Baba, yaushe za ka sha inuwar wannan tsinken?" Ya ce, "Ni ina da inuwa a gida, ɗan Kano. Kai ne injinka ke tafasa." Bara a gindin mainar wa muka same ka, mota na hayaƙi? To!

Ya kasance mai gama abin da ya fara, sai wannan karon. Dashe sittin ya bari daga Mamudo zuwa gaba. Jiya na zura hannu a tulunan, a bushe ƙamas! Damina kuma saura wata biyu. In muka zauna, sun mutu.

Inna Gumsu, share hawayenki. Kin ba mu jakinsa, mun gode. Babayo, babban ɗa, dashen farko naka ne. Dabo ya ce zai ɗauko ruwa a garwa duk sawu. Saura mu. Wa zai ɗauki dashe ɗaya ya riƙa ba shi ruwa? Ɗaga hannu in gani! Allahu akbar, har Liman!

Mun gode. Allah Ya jiƙan Baba Umara, Ya ba shi inuwa ranar da babu wata sai Tasa. Gobe da hantsi, kowa da tulunsa, mu haɗu a Mamudo.