Tayar Ƙasar Sanyi

A shagon mai taya a Dutse, Juliana na shafa wata tsohuwar taya 'yar Beljiyam, sai wani dattijon direba ya matso.

"Madam, jif ɗin can za ki saka wa wannan?"

"E, Baba. Jos zan kai yara Kirsimeti. An ce ta ƙasar sanyi ce."

"Ta ƙanƙara ce, 'yata. Kwaltarmu ko da sanyi zafi take. Kafin Ningi ta fashe."

Juliana ta janye hannunta. "Maigidana ne ke zaɓa. Da damina ya rasu."

"Allah ya ba da haƙuri." Ya durƙusa yana latsa tayoyin ɗaya bayan ɗaya. "Yara nawa?"

"Uku."

"Ɗauki wannan. Irin waccan ta ƙanƙarar na zaɓa wa ɗana, ta fashe masa a hanya. Shi ma uku ya bari."